Cokali Ɗaya a Shayin Baba

Litinin, 3 ga wata, 6:50 na safe

Jini a rigar filon Baba. Ɗigo uku, ɗaya ya kai girman maɓallin riga. Na cire ta kafin Mama ta gani, na jiƙa a ruwan sanyi. Shekara tara ina aiki a shagon wanki da guga, na san ba a kai wa jini ruwan zafi, in an kai ya zauna ke nan. Baba ya ce haɓo ne, kowa yana yi. Na haɗa masa shayi, ya sha, na tafi aiki.

An sa ranar tiyata: Alhamis, 20 ga wata. Saura kwana goma sha bakwai.

Talata, 4 ga wata, 1:15 na rana

Ban saba rubutu ba. Amma jiya saura kaɗan in ƙona wa wani kwat ɗinsa, sai na ga gara in sami inda zan riƙa sauke abin da ke kaina.

Wata biyu da suka wuce aka ɗauki hoton cikin Baba, aka ga wani abu a hanji. Likita ta faɗi sunansa, ni ba zan rubuta ba. Ta ce a cire shi tun yana ƙarami, kuma ba ta son a ja lokaci. Matsalar ita ce Baba yana shan maganin tsinka jini tun da gudan jini ya toshe masa jijiyar ƙafa shekara huɗu da suka wuce, don haka sai an daidaita jinin kafin a taɓa shi da wuƙa.

Ƙwaya ɗaya ce kullum, ita ma sai da aka kai ruwa rana kafin ya yarda. Shekara talatin da biyar yana tuƙa bas, ya ce bai taɓa zuba wa mota abin da ba a rubuta a littafinta ba, ba kuwa a jikinsa zai fara ba. Duk mai dubiyar da ya zo da kwalba ko ƙulli, Baba zai yi godiya, ya raka shi har ƙofa, ya dawo ya jefa a kwandon shara.

Shi ya sa a gidanmu ba a tambayar Baba. Mama ta rage masa gishiri shekara huɗu, har yau yana zagin masu yin gishirin zamani. Ni na sauya masa katifa da wata mai kama da ita yana wurin aski. Haka muke kula da shi, a bayan idonsa, kuma ko tsakanina da Mama ba ma zancen.

Laraba, 5 ga wata, 6:45 na safe

Shayi. Cokali ɗaya. Gwangwanin yana bayan buhun shinkafa.

Alhamis, 6 ga wata, 5:30 na yamma

Tururi ta tambaye ni ko garin yana aiki. Ita ce muke guga tebur ɗaya, sunan kuwa ta samo shi ne don ba ta rabo da huci, ko kan mijinta ko kan mai shago. A bakinta na fara jin labarin garin laimar kwaɗi. Ba irin wadda ke tsirowa a juji bayan ruwan sama ba, wata ce da ake nomawa musamman, a busar, a niƙa. Ta ce gwaggon mijinta ta sha har ta koma hawa bene da ƙafarta.

Na saya a shagon da ake sayar da kayan ƙarin kuzari. Mai shagon ya ce ba magani ba ne, abinci ne. Takardar jikin gwangwanin na kara ta a tururin dutsen guga, ta ɓare sumul, don Baba ko takardar sabulu ya gani sai ya karanta. Na manna ta a bangon baya na littafin nan. Akwai ƙananan rubutu a can ƙasa, ban duba ba tukuna.

Mako biyar ke nan ina zubawa a shayin Baba. Na ce wa Tururi yana aiki.

Asabar, 8 ga wata, 4:00 na yamma

Jini ya kwanta masa a damtsen hagu, baƙi-baƙi, faɗin tafin hannuna. Wani a gwiwa. Bai tuna ya bugi komai ba. Ya ce Mama ce ke mintsininsa in yana minshari, ta ce da mintsini yana hana minshari da tuni ba shi da sauran fata. Suka yi dariya, ni ma na yi.

Buroshinsa na haƙori ya yi ja. Na ɗauraye.

Litinin, 10 ga wata, 2:20 na rana

Asibiti. Mun je mu uku, aka ɗebi jini, muka zauna a kan bencin da ƙafarsa ɗaya ke rawa. Baba ya ninke kwali ya cusa a ƙarƙashi, benci ya tsaya. Audugar da aka manna masa a hannu sai da aka sauya sau biyu.

Likita ta ce jinin ya tsinke fiye da yadda ƙwayarsa za ta sa. Ta rage masa zuwa rabi. Sai ta ajiye alƙalami ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, ban da ƙwayar nan, akwai wani abu da kake sha? Ko ganye, ko gari, ko na ƙarin kuzari?"

"Ko ruwan da ban san rijiyarsa ba ba na sha, likita. Tambayi waɗannan."

Ba ta tambaye mu ba, ta dai dube mu. Mama tana gyaran jakarta. Ni ina kallon wuyan farar rigar likita, an sa masa sitaci ya yi yawa. A raina na ce ai abinci ne.

Talata, 11 ga wata, 12:40 na rana

Na shiga ɗakin da muke rataye kayan da aka gama, na tsaya tsakanin riguna, na buɗe bangon baya. Layi huɗu ne. Kada a sha tare da maganin tsinka jini. A daina mako biyu kafin tiyata. Masu ciwon hanta su guje shi. A gaya wa likita kafin a fara.

Na karanta sau biyu. Na fito na goge riguna goma sha ɗaya, wando shida, labule biyu. Tururi ta ce yau hannuna yana gudu kamar an biyo ni.

Laraba, 12 ga wata, 6:50 na safe

Shayi. Babu cokali.

Baba ya kurɓa ya ɗaga gira. "Auta, yau kin tuna yadda ake shayi. Saura na uwarki na yamma, shi har yanzu kamar an wanke takalmi a ciki."

Ban zubar da gwangwanin ba. Fitar da shara aikin Baba ne, kuma sai ya leƙa ya ga abin da muka yi almubazzaranci da shi. Na ƙara tura shi can ƙurya. Saura kusan rabi.

Daga yau zuwa 20 kwana takwas ne. Takardar ta ce goma sha huɗu. Na sake lissafawa, bai sauya ba.

Juma'a, 14 ga wata, 7:00 na safe

Babu cokali. Jini a hankici.

Asabar, 15 ga wata, 3:30 na yamma

Yau aka tsayar da ƙwayar gaba ɗaya, kamar yadda likita ta tsara, kwana biyar kafin aiki. Haɓo sau biyu tun safe. Na biyun ya ɗauki minti ashirin, Mama tana riƙe da kansa, shi yana ba ta umarni ta cikin tawul.

Kwana huɗu ke nan ban zuba komai ba, jinin kuwa bai fasa ba. Ke nan ba garin ba ne. Ke nan babu abin da zan faɗa wa kowa.

Na ji sauƙi. Bari in rubuta in gani da idona: mahaifina yana zubar da jini a tawul, ni ina tsaye a bakin ƙofa ina jin sauƙi. Tawul ɗin yana cikin ruwan sanyi yanzu.

Lahadi, 16 ga wata, 11:00 na safe

Baba ya haɗa jakar asibiti da kansa. Riga biyu, silifa, rediyo, tabarau. Ya ninke rigunan irin ninkin da ke sa raina ɓaci, ban taɓa ba.

Litinin, 17 ga wata, 3:10 na yamma

An sake gwaji. Jinin bai koma daidai ba, kuma yanzu har gwajin hanta ya nuna wani abu. Likita ta ce ba ta gane ba, kuma ba ta son yanka mutum a kan abin da ba ta gane ba. In ranar Laraba haka yake, za ta san abin yi. Ta sake yin tambayar nan. Baba ya ce ko so take ya rantse. Mama ta ce za ta je bayi.

A hanyar dawowa ya yi ta sukar direban bas, wai yana taka birki kamar mai kashe kyankyaso.

Talata, 18 ga wata, 6:30 na safe

Na ce bari in ɗauki gwangwanin in kai shago in zubar a can. Na ɗaga na ji shi sakayau. Na buɗe. Ɗan abin da ya rage bai rufe gindin ba.

Akwai cokali a ciki. Ba nawa ba ne, nawa ƙarami ne. Wannan babba ne mai lanƙwasasshen hannu, wanda Mama ke ɗiban sukari da shi.

Na mayar. Na haɗa shayi. Na tafi aiki.

Talata, 5:45 na yamma

Baba ya fita ɗan tattakinsa zuwa bakin titi. Na sami Mama a kicin ta ɗora ruwa, hannunta yana bayan buhun shinkafa. Da ta gan ni ba ta ma razana ba, murmushi ta yi irin na wadda aka kama tana aikin alheri.

Ta ce tun makon farko ta gan ni ta tagar kicin. Ta jira na fita, ta buɗe, ta sansana, ta lasa. Ta ce tunda ni ce na kawo, kuma na ɓoye, to abu mai kyau ne, don a gidan nan abu mai kyau ne ake ɓoyewa. Sai ta kama na yamma, ta bar mini na safe.

"Da na ga kin daina, na ce yarinyar nan aiki ya yi mata yawa, ta gaji. Sai na riƙa zuba naki da nawa."

"Mama, me ya sa ba ki tambaye ni ba?"

"Ke kin tambaye ni?"

Na ɗauko littafin nan na karanta mata layi huɗun. A na biyu ta kashe wuta. A na huɗu ta zauna a kan buhun shinkafa. Ta ce ai babu takarda a jikin gwangwanin, da akwai da ta kai wa maƙwabciya ta karanta mata. Na ce na sani, ni na cire.

Ta ce a asibiti, duk lokacin da likita ta yi tambaya, shiru take yi don kada ta tona mini asiri. Ban gaya mata ni don wa nake shiru ba.

Baba ya dawo ya sha shayin yamma. Ya ce to, yau gidan nan kowa ya shiryu.

Laraba, 19 ga wata, 4:40 na yamma

Na ajiye gwangwanin a kan teburin likita kafin ta buɗe fayil. Na ɓare takardar daga bangon littafi na ajiye a gefensa. Na faɗi komai a tsaye, da yawan makonni da yawan cokula. Muryata ba ta yi rawa ba, kamar ina karanto wa mai kaya abin da ya kawo wanki. Mama ta faɗi nata a zaune, ita tata ta yi rawa.

Likita ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta karanta takardar, ta ɗauki hotonta da waya. Ta ce ba za ta iya rantsuwa cewa garin ne kaɗai ba, amma yanzu abin ya fara yin ma'ana. Ta ce duk abin da mutum ke haɗiya kullum don lafiya, ko an kira shi abinci ko shayi, a wurinta magani ne, kuma tana son ganin kwalbarsa da takardarsa. Irin garin nan ma ba a san ƙarfin kowane gwangwani ba, wani ya fi wani. Sai an yi mako biyu cur babu shi. Ta mayar da Baba kan ƙwayarsa, ta sa sabuwar rana: Alhamis, 4 ga wata mai zuwa.

Na tambaye ta ko mako biyun nan zai yi wa abin da ke cikinsa wani abu.

"Ban sani ba. Da na fi son a yi gobe. Amma da an yi gobe ban san da wannan ba, ban san yadda za mu tsayar da jinin ba."

Baba ya ciro tabarau, ya ɗauki takardar, ya karanta tun daga sama har ƙananan rubutun, leɓɓansa suna motsi. Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu. Ya yi wa likita godiya.

A bas ya tafi can gaba ya zauna shi kaɗai. Bai soki direba ba. Da muka sauka, yana neman makulli a bakin ƙofa, ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba:

"Na rantse wa matar nan sau biyu. Kuna zaune."

Alhamis, 20 ga wata, 8:00 na safe

Da yau ce.

Asabar, 22 ga wata, 7:10 na safe

Baba ya riga ni shiga kicin. Ya ɗora ruwa da kansa, ya wanke kofi sau biyu, ya buɗe sabon kwalin ganye. Bai san inda sukari yake ba, bai kuma tambaya ba, haka ya sha. Ya wanke kofin ya tafi da shi ɗaki.

Lahadi, 23 ga wata, 2:00 na rana

Abincin rana. Ya jira sai da Mama ta kai loma biyu daga tukunya ɗaya kafin ya sa hannu. Ta gani. Ta ci gaba da ci, hawaye yana sauka, tana cewa albasa ce. Babu albasa a ciki.

Bai ce Auta ba tun Laraba. "Ke" yake cewa, ko "gaya wa 'yarki". Yana da gaskiya, kuma yana da zafi.

Talata, 25 ga wata, 1:20 na rana

Na gaya wa Tururi. Ta jingine dutsen guga, ta fita waje da waya. Na jiyo ta tana tambayar gwaggon mijinta sunayen ƙwayoyin da take sha, ɗaya bayan ɗaya, tana cewa a'a, ki ɗauko kwalin ki karanto mini. Ta dawo ta ce gobe za ta raka ta wurin mai ba da magani da gwangwanin gaba ɗaya. Sannan ta yi minti goma tana huci kan mai shagon da ya ce abinci ne.

Ni ban ga laifinsa sosai ba. Shi bai kara takarda a tururi ba.

Juma'a, 28 ga wata, 6:55 na safe

Rigar filo fara. Kwana uku a jere.

Litinin, 1 ga sabon wata, 1:30 na rana

Gwaji ya yi kyau, jini da hanta duka. Likita ta ce Alhamis tana nan. Ta sake yin tambayar, don ƙa'ida. Baba ya zaro takarda daga aljihu, ya rubuta duk abin da ya shiga bakinsa tun ranar 19, da lokaci, har da alewar tari guda biyu. Likita ta ce da duk majinyatanta haka suke da ta yi ƙiba.

Na ga ya rame. Wandonsa da na goge jiya ya ƙara huda ɗaya a bel. Ban san ko abin ne, ko rashin sukari.

Alhamis, 4 ga wata, 3:50 na yamma

Awa huɗu da minti goma. Ni da Mama a kan bencin nan, kwalin da Baba ya cusa yana nan a ƙarƙashin ƙafar bencin. Ba mu yi magana ba sai sau ɗaya, da ta ce za ta sha maganin ciwon kai, ta nuna mini kwalin tukuna.

Likita ta fito ta ce an cire. Jini ya tsaya kamar na kowa. Abin ya ɗan fi yadda yake a hoto girma. Ko mako biyun ne ko da ma haka yake, ba za ta iya cewa ba. Za a sake hoto bayan wata uku.

Wata uku. Na rubuta ranar a bangon baya, inda takardar ta bar tabon gam.

Juma'a, 5 ga wata, 12:00 na rana

Ya farka. Ya tambayi rediyonsa. Ba a ba shi komai ta baki tukuna.

Asabar, 6 ga wata, 10:20 na safe

Nas ta ce yau zai iya kurɓar shayi, marar madara, kaɗan-kaɗan. Ta ajiye flas da ganye da sukari a kan ɗan teburin gefen gado, ta ce ko ta haɗa masa. Ya ce a'a. Ya yunƙura zai miƙa hannu, ɗinkin ya riƙe shi, ya koma ya kwanta. Mama ta sunkuyar da kai. Ni na ja baya kusa da labule, don ya ga hannayena.

Ya daɗe yana kallon silin. Sai ya ce Mama ta buɗe jakarsa. Kofinsa na gida yana ciki, naɗe a riga. Ya karɓa, ya miƙo shi ta gefena.

"Auta. Sukari cokali ɗaya. Ƙaramin."

Na matso da teburin gabansa sosai don ya ga komai. Na ɗaga ganyen, na ɗaga cokalin. Da na ɗago in nuna masa, ya riga ya juya fuska wajen taga, yana kallon motocin da ke wucewa a titi. Har na gama juyawa bai waiwayo ba.

Ya kurɓa sau uku. Ya ce ya yi zafi.